Na samu QTS, amma wani dillali ya ce sai na biya shi kafin in sami bizar koyarwa a Ingila

Baban Amira, Zariya:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar 'yan'uwa da ke cikin wannan zaure, musamman waɗanda suka riga mu fita koyarwa ƙasashen waje. Ni malamin lissafi ne a wata sakandare, ina da digirin koyarwa a fannin lissafi da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta Najeriya, kuma a watan jiya saƙo ya zo mini daga Ingila cewa an amince da buƙatata ta QTS, wato shaidar cancantar koyarwa a makarantun gwamnatinsu. Wani mutum da aka haɗa ni da shi a Abuja ya ce yana da makarantar da za ta ɗauke ni, amma sai na ba shi naira miliyan bakwai kuɗin takardar ɗaukar nauyi, rabi yanzu, rabi idan biza ta fito. Ya kuma ce idan na ga abin zai ja lokaci, zan iya shiga da bizar ziyara in nemi aiki da ƙafata, daga baya a juya mini ita ta koma ta aiki. Ina da iyali, kuma filin da na gada ne zan sayar in haɗa kuɗin, shi ya sa nake so in ji daga bakin waɗanda suka san kan abin.

Maman Sadik, Birmingham:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, ina taya ka murna, domin samun QTS ba ƙaramin abu ba ne, amma don girman Allah ka bar filinka inda yake, kada ka ba mutumin nan ko sisi. Ni malamar kimiyyar sinadarai ce a wata sakandare a nan, kuma ta hanyar da kake kai na zo. Abin da ke rikita mutanenmu shi ne sun ɗauka QTS da biza abu ɗaya ne, alhali hukumomi biyu ne daban suke ba da su. QTS daga ɓangaren ma'aikatar ilimi take fitowa, kuma iyakar abin da take nunawa shi ne ka cancanci tsayawa gaban aji a Ingila. Ba ta ba ka aiki, ba ta kuma ba ka izinin shiga ƙasar balle na zama. Biza kuwa a hannun ma'aikatar cikin gida take, kuma irin wadda malami yake buƙata ita ce bizar ƙwararrun ma'aikata, wadda ba a sauraron mai nemanta sai wata makaranta mai lasisin ɗauko ma'aikata daga waje ta riga ta ɗauke shi aiki.

Takardar ɗaukar nauyin da yake so ya sayar maka, wadda ake kira CoS, lamba ce da makarantar take fitarwa da sunanka a na'urar ma'aikatar cikin gida, ɗauke da irin aikin da albashinsa da ranar farawa, kuma dole ne ka nemi biza da ita cikin wata uku da fitowarta. Makarantar ce take biyan kuɗinta, kuma tun ƙarshen 2024 aka hana masu ɗaukar nauyi ɗora wa ma'aikaci wannan kuɗi. Duk wanda ya ce ka kawo miliyoyi ya ba ka CoS, to ko dai lambar bogi zai ba ka, ko kuma ta aikin da babu shi. Batun bizar ziyara ma ba gaskiya ya faɗa maka ba, domin doka ba ta yarda wanda ya shigo da ita ya juya ta zuwa ta aiki yana cikin ƙasar ba, sai ya koma gida ya nema daga can.

Malam Na-Gwale, Kano:

Hajiya, ban ƙi ta taki ba, amma ina ganin kin yi wa dillalai kuɗin goro. Abokin aikina ya tafi ta hannun wani kamfanin samar da ma'aikata, kuma yanzu haka yana koyar da lissafi a kusa da Landan. Mutumin da ke zaune a Zariya ko Kano, wanda bai san kowa a can ba, ta yaya zai gano makarantar da ke neman malami idan ba wani ya yi masa jagora ba? Kowace harka da dillalanta, kuma la'ada ba haramun ba ce.

Maman Sadik, Birmingham:

Malam Na-Gwale, ka tambayi abokin naka wane ne ya biya kamfanin, zan yi mamaki idan shi ne. Kamfanoni na gaskiya suna nan, ban musa ba, amma makarantu ne suke biyansu, domin wata dokar ƙasar nan ta 1973 ta hana kamfanin samar da aiki karɓar kuɗi daga hannun mai neman aiki a kan sama masa aikin. Alamar da za ka gane na gaskiya ita ce zai haɗa ka da makarantar kai tsaye, ka zauna hira ta bidiyo da shugabanta ko shugaban sashen lissafi, sau da yawa ma su ce ka gabatar da darasi su gani, su yi maka tambayoyi kan kula da tsaron yara da yadda kake riƙe aji idan ɗalibai sun yi hatsaniya. Babu makarantar da za ta damƙa 'ya'yan mutane a hannun wanda ba ta taɓa jin muryarsa ba.

Jagorar da kake magana kuwa gwamnati ta riga ta yi ta kyauta. Akwai shafinta mai suna Teaching Vacancies inda makarantu suke tallata guraben aiki, kuma ana iya tace waɗanda suka ce za su ɗauki nauyin biza. Akwai kuma jerin duk masu lasisin ɗaukar nauyi a shafin gov.uk, kowa na iya dubawa. Sai dai a lura, wani lokaci ba za a ga sunan makarantar ba saboda lasisin yana hannun ƙaramar hukumar yankin ko ƙungiyar da ke riƙe da makarantu da yawa, don haka a tambaye su sunan mai lasisin. Shekarar karatu a watan Satumba take farawa, malamin da zai bar aiki a ƙarshen shekara kuma dole ya ba da sanarwa kafin ƙarshen watan Mayu, shi ya sa guraben suka fi yawa daga Maris zuwa Mayu. Ba zan ɓoye muku ba, makarantu da yawa ba sa son wahalar ɗaukar nauyi, kuma akwai masu QTS da dama da har yanzu suna gida suna aika takardu ba amsa. Wannan jiran ne 'yan damfara suke cin kasuwarsu a kai.

Malamin Kimiyya, Kumasi:

Barkanmu da wannan muhawara. Mu ma a Ghana ranar 1 ga Fabrairu 2023 aka buɗe mana ƙofar neman QTS kai tsaye tare da Najeriya da Indiya da Jamaika da Singafo da Afirka ta Kudu da Zimbabuwe, kuma sharaɗin da aka sa mana a lokacin iri ɗaya ne: sai malamin lissafi ko kimiyya ko harsuna, mai shaidar koyar da yara 'yan shekara 11 zuwa 16. Inda ku kuke karɓo wasiƙar shaida daga TRCN, mu daga NTC, hukumar malamai ta Ghana, muke karɓa. Ni ina tsakiyar haɗa takardun biza ne, don haka bari in faɗa wa ɗan'uwana Baban Amira abin da ke jiransa bayan ya sami makaranta. Zai yi gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, ba kowane asibiti ba, kuma takardar wata shida kawai take aiki. Saboda aikin na hulɗa da yara ne, zai kawo takardar 'yan sanda ta shaidar rashin laifi daga kowace ƙasa da ya zauna wata 12 ko fiye a cikin shekara 10 da suka wuce. Sannan duk da cewa da Turanci muka yi karatu tun daga firamare, ba su sa Ghana ko Najeriya cikin ƙasashen da suke yafe wa shaidar iya Turanci ba, sai dai Ecctis, mai duba takardun karatun ƙasashen waje, ta tantance cewa da Turanci aka yi digirin, ko kuma mutum ya zauna jarrabawa irin IELTS.

Inda gizo ke saƙa shi ne kuɗi. Kuɗin bizar shekara uku ya haura fam 700 a kan kowane mutum, har jariri. Kuɗin lafiya kuma, wanda ake biya gaba ɗaya tun kafin a duba takardunka, tun watan Fabrairu 2024 ya koma fam 1,035 a shekara ga babba, fam 776 ga yaro. Idan mutum zai tafi da matarsa da 'ya'ya uku na shekara uku, kuɗin lafiya kaɗai ya kama fam 13,194, kowa ya buga da farashin fam na yau ya gani. Ban da wannan, sai an ga fam 1,270 zaune a asusunsa kwana 28 a jere, da ƙarin 285 na mata, 315 na yaro na farko, 200 na kowane yaro bayansa, sai fa idan makarantar ta sa hannu cewa ta ɗauke masa wannan. Wasu makarantun suna biyan wani ɓangare ko su ba da rance, amma a tambaya tun kafin a sa hannu, a kuma karanta sharaɗin mayar da kuɗin idan mutum ya bar aiki da wuri.

Baban Amira, Zariya:

Allah ya saka muku da alheri, na janye daga maganar mutumin nan. To amma lissafin Malam na Kumasi ya taso mini da wata tambaya da ta fi ta kuɗi nauyi. Matana biyu ne, 'ya'ya biyar, uku na uwargida, biyu na amarya. Shin doka ta yarda in tafi da su duka, ko da a hankali ne, rukuni bayan rukuni?

Maman Sadik, Birmingham:

Malam, amsar ba mai daɗi ba ce, amma gara ka ji ta yanzu. Dokar shige da fice ta Birtaniya mace ɗaya kawai take bari ta biyo miji a matsayin matarsa, ko da auren na biyu halal ne a dokar ƙasar da aka ɗaura shi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne batun ya shafi yara ma. Ƙa'idar ita ce ana ba yaro ɗan ƙasa da shekara 18 biza idan iyayensa biyu suna can ko za su tafi tare, sai dai idan ɗaya ya rasu, ko wanda ke can shi kaɗai yake ɗauke da rainon yaron, ko akwai wani dalili mai tsanani. Ke nan 'ya'yan matar da ta zauna a gida, alhali tana raye kuma ita ke rainonsu, da wuya ƙwarai a ba su. A ganina wannan magana ce ta zama da matan biyu da manyanku kafin ka aika takarda ko ɗaya, domin adalci tsakaninsu haƙƙi ne a wuyanka, kuma hutun bazara na mako shida ba zai cike gurbin shekara ba.

Malam Na-Gwale, Kano:

Na ji ana cewa wasu suna rubuta yaran duka a matsayin 'ya'yan matar da za ta tafi, tunda dai uba ɗaya ne kuma sunan mahaifi ɗaya suke amsawa. Ban ce a yi ba, tambaya nake ko hakan yana wucewa.

Tsohon Firinsifal, Katsina:

Ɗana Na-Gwale, ko ya wuce ko bai wuce ba, wannan jingina ɗa ga wadda ba ta haife shi ba ne a rubuce, da sa hannu, kuma malamin da zai koya wa yara gaskiya bai kamata ya fara tafiyarsa da haka ba. A dokarsu ma, wanda aka kama da yaudara a takardun biza ana iya hana shi shiga har shekara 10, ga aikin ya tafi, ga kuɗin sun tafi.

Ina kuma so in ja hankalinku kan yadda ake barin aiki a nan gida, domin na ga matasa suna wasa da shi. Malami zai sami biza ya ɓace ana tsakiyar zango, ɗaliban ajin ƙarshe suna fuskantar WAEC, bai rubuta takardar ajiye aiki ba, wani ma gwamnatin jiha ce ta biya masa karatu bisa yarjejeniyar zai dawo ya yi mata aiki na wasu shekaru. Su Turawan da za ku wurinsu ba sa ɗaukar malami sai sun tuntuɓi shugaban makarantar da ya baro, kuma wannan shugaban za a sake nema duk ranar da aka tashi canza aiki. Ba na hana kowa neman halalinsa, albashin malami a ƙasar nan bai isa a hana shi ba. Amma raina yana ɓaci idan na tuna cewa darussan da suka zaɓa, lissafi da kimiyya, su ne waɗanda na yi shekaru ina bin ofishin ilimi ina roƙon a turo mini malaminsu. Wanda zai tafi ya ƙarasa zango, ya miƙa aji hannu da hannu, ya sauke yarjejeniyar da ke kansa.

Abu Hafsat, Jidda:

Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka abin riƙewa ce. Ni ina koyar da lissafi a wata makaranta mai zaman kanta a nan, kuma ina ganin 'yan'uwa suna yi wa albashin Ingila kallon kitse ne alhali rogo ne. Albashin farawa a wajen Landan fam 31,650 ne a shekarar karatu ta 2024, amma za a cire harajin kashi 20 cikin ɗari a kan abin da ya haura fam 12,570, a cire inshorar ƙasa da fansho, sauran kuma haya da wuta su cinye. A nan babu harajin albashi, ga Harami kusa, ga tarbiyyar yara cikin Musulmi. Ban ce babu ƙaya ba. Igama a hannun kafili take, shi yake sabunta ta, sai an tantance takardun karatunka ta ofishin jakadanci kafin a buga maka biza, kuma mu ma'aikatan wurare masu zaman kansu muna biyan riyal 400 kowane wata a kan kowane mutum ɗaya na iyali. Gyaran dokar ƙwadago na watan Maris 2021 ya sassauta canza wurin aiki da fita ƙasa, amma har yau wanda ya shigo da bizar Umra ya tsaya koyarwa a ɓoye takari ne, ranar da aka kama shi kuwa sai tarhili. Duk da haka, ga mai iyali irin Baban Amira, ina ganin ya duba nan kafin can.

Maman Sadik, Birmingham:

Malam Abu Hafsat, lissafinka na haraji daidai ne, kuma shekarar farko a nan tana da tsanani, ga bizar an rubuta mata cewa ba ka da haƙƙin tallafin gwamnati. Amma akwai abin da ka tsallake. A Saudiyya ko shekara 30 ka yi, ranar da kwantiragi ya ƙare sai ka tattara, yawan shekaru ba ya zama izinin zama na dindindin. A nan kuwa wanda ya cika shekara biyar da wannan biza, bai yi fiye da kwana 180 a waje cikin kowane wata 12 ba, ya kuma ci jarrabawar sanin rayuwar ƙasar, yana iya neman zama na dindindin, daga nan zamansa ya rabu da makaranta. Sai dai a watan Mayu 2025 gwamnati ta fitar da ƙudurin mayar da biyar ɗin zuwa goma, don haka kowa ya duba abin da doka ta tsaya a kai ranar da zai nema.

Kafin a kai can, mu ma a ɗaure muke kamar ku. Idan makaranta ta sallame ka ko ta rasa lasisinta, yawanci kwana 60 ake ba ka ka sami wata ko ka fita, kai da iyalinka duka, domin bizarsu a kan taka take rataye. Idan ka canza makaranta kuma, sai sabuwar CoS da sabuwar biza da sabon biya. Na san wata 'yar'uwa malamar lissafi da aka ba kwantiragin shekara ɗaya don ta riƙe wa wata mai hutun haihuwa, ta kwaso yara ta sa su makaranta, da wa'adi ya zo ba a sabunta mata ba, ta yi ta neman wani gurbi cikin tashin hankali. Saboda haka a duba ko aikin na dindindin ne ko na wucin gadi kafin a motsa iyali. A kuma sani cewa yaron da aka haifa a nan ba ya zama ɗan ƙasa don haihuwa kaɗai, sai idan ɗaya daga iyayensa ɗan ƙasa ne ko yana da zama na dindindin.

Malamin Faransanci, Maraɗi:

Ina gaida malamai, ina kuma neman afuwar shigowa a makare. Na ga an ce harsuna suna cikin darussan da ake nema, ni kuwa Faransanci nake koyarwa a sakandare kuma na iya Turanci daidai gwargwado. Shin mu 'yan Nijar muna da rabo a wannan tsari, ko ƙofar ta ƙasashe rainon Ingila ce kawai?

Maman Sadik, Birmingham:

Malam, sannu da zuwa. Faransanci yana cikin manyan harsunan da ake koyarwa a sakandaren nan, tare da Sifaniyanci da Jamusanci, kuma ana ƙarancin malamansa. Nijar ba ta cikin jerin da aka buɗe wa neman QTS kai tsaye a 2023, amma biza ba ta dogara da QTS ba. Akwai ƙa'idar da ta yarda ƙwararren malamin da ya yi horonsa a waje ya koyar a makarantun gwamnati na Ingila har shekara huɗu ba tare da ita ba, idan ya sami makarantar da za ta ɗauki nauyinsa kuma albashin ya kai abin da biza ta gindaya. Illar ita ce ana iya biyanka a ma'aunin malamin da bai da shaida, wanda ya yi ƙasa da namu, kuma tunda da Faransanci ka yi digiri, jarrabawar Turanci ta zama dole a kanka. A cikin waɗannan shekaru za ka nemi QTS ta hanyar tantancewa a bakin aiki, inda za a zo ajinka a ga koyarwarka, ko kuma ka yi iQTS tun kana gida, wanda horo ne na kuɗi da ake yi daga nesa. Duk wannan na Ingila ne kaɗai, Sikotland tana da hukumar rajistar malamanta daban. Shekara huɗun kuma daga ranar da ka fara shiga aji ake ƙirga su, kuma ba a dakatar da ƙirgar don ka bar aiki ko ka koma gida na wani lokaci, don haka ka yi maganar tantancewar da shugaban makarantar tun a wurin hira, a sa ta cikin takardar ɗaukar aiki.